Kwaroron roba ya fashe, ku bar baiwar Allah ta sha magani

Akwai tambayar da ake yi cikin raɗa a ƙasar nan tamu, daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza, daga Badagishiri zuwa Illela. Mata na yi wa juna ita a bayan ɗaki, maza na yi wa aminansu ita da dare a bakin mai shayi. An kwana tare, kwaroron roba ya fashe ko ya zame, matar kuwa ba ta shirya ɗaukar ciki ba. Ta sha maganin gaggawa na hana ɗaukar ciki, ko ta zuba wa sarautar Allah ido?

Ni da babbar murya zan amsa. Ta sha. Ta sha yau, kafin a kira magariba in da hali. Kada ta bari sai gobe, kada ta ce bari in ga ko zan yi ɓatan wata. Duk kuma wanda ya gitta tsakaninta da wannan ƙwayar magani, miji ne, mai farmasi ne, ma'aikacin gidan likita ne, ko mai wa'azin da ya yanke hukunci bai tambayi masana ba, ya zalunce ta, kuma haƙƙinta na wuyansa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne amsar ba sabuwa ba ce. Tun 1974 wani likita a Kanada, Albert Yuzpe, ya nuna cewa ana iya hana ciki shiga bayan an riga an sadu. Sama da shekara hamsin ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa maganin cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Amma ka shiga Dogerawa ko Bazaga ko Tajaye, ka zauna da mata masu goyo, ka tambaye su abin da ake yi in haka ta faru. Wata za ta ce a tashi a yi fitsari a wanke da ruwan ɗumi. Wata ta ce ruwan kanwa. Wata ta ce lemun tsami da gishiri. Wata ta ce a haɗiyi kafso biyu daga tiren mai tallar magani. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke hana ciki, domin cikin ƴan mintuna maniyyi yake wuce bakin mahaifa, inda ruwan wanki ba ya kaiwa. Wasu ma cuta suke ƙarawa. Matan nan ba sakarkaru ba ne. Abin da aka ba su suka riƙe, kuma abin da aka ba su ke nan.

To bari mu faɗi yadda abin yake, tunda waɗanda aka ɗora wa alhakin faɗa sun yi gum. Sau da yawa ba a daren saduwa ciki ke shiga ba. Maniyyi na iya rayuwa a jikin mace har kwana 5 yana jira. Ƙwan mace kuwa sau ɗaya yake fitowa a wata, kuma in bai haɗu da maniyyi cikin awa 24 ba, ya lalace. Aikin maganin gaggawa shi ne ya riƙe ƙwan, ya jinkirta fitowarsa, har maniyyin da ke jira ya mutu. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya taɓa cikin da ya riga ya shiga. In mai juna biyu ta sha shi bisa rashin sani, cikin ba zai zube ba, kuma ba a ga yana nakasa jariri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi haka ƙarara, ba ta yi kwana-kwana ba. Kowane manomin albasa a Galmi ya san bambancin wanda ya jinkirta zuba iri da wanda ya shiga fadama ya tumɓuke dashe. Wanda ke kiran maganin nan na zubar da ciki ya haɗa su biyun ya yi musu suna ɗaya, kuma ƙarya ce, ko da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Wannan ne kuma dalilin gaggawar. In ƙwan ya riga ya fito, ƙwayar ba ta da sauran abin da za ta yi. Maganin da aka fi samu shi ne levonorgestrel, miligiram 1.5, sha ɗaya tak. A farmasin ƙasashen da ke aiki da Faransanci an fi saninsa da NorLevo, daga ɓangaren Najeriya kuma da Postinor-2, mai ƙwaya biyu da ake iya haɗiyewa tare. Ya fi aiki cikin awa 72 na farko, kuma ranar farko ta fi ta uku. Ana iya sha har kwana 5, sai dai ƙarfinsa na raguwa. Akwai wani, ulipristal, miligiram 30, da ake sayarwa da sunan ellaOne, wanda ke riƙe ƙarfinsa har kwana 5. Cikin mata 100 da suka sha ɗaya daga cikin waɗannan a kan lokaci, ɗaya ko biyu ne kawai ke ɗaukar ciki. Wanda ya fi su duka shi ne ƴar robar nan mai jan ƙarfe da ungozomar asibiti, wadda muke kira sajfam, ke sa wa mace a mahaifa. In aka sa ta cikin kwana 5 tana hana ciki fiye da kashi 99 cikin 100, kuma tana iya zama shekara 10 tana aiki, a cire ta ranar da matar ta ga dama.

Yanzu ku lissafa tare da ni yadda muke cinye waɗannan awoyi. A ce abin ya faru daren Alhamis a wani ƙauye bayan Gidan Idar. Safiyar Juma'a matar ta kasa buɗe baki ta yi wa maigida maganar, shi kuma ya zura takalmi ya nufi gona kamar ba abin da ya faru. Da yamma ta raɗa wa ƙawarta, ƙawar ta ce kanwa. Asabar ta ji ƙishin-ƙishin wai akwai magani a Malbaza ko a Ƙonni, amma fita sai da izni, kuɗin kabu-kabu sai an roƙa, sannan me za ta ce wa uwar miji? Lahadi ɗakin tsarin iyali a kulle. Litinin ta isa gidan likitan gwamnati, wato CSI, ta shiga layi, awa 72 sun cika tun daren jiya. Ko a lokacin da sauran dama, amma sai in ta dace da ma'aikaciyar da ta san haka, kuma akwai maganin a kabad, kuma ba a tsaya yi mata tambayar ƙwaƙwa ba. Babu ko awa ɗaya cikin waɗannan da cuta ta cinye. Kunya ta ci wasu, izni ya ci wasu, sakacin hukuma ya ci sauran.

Wace ce wannan mata? A nan ne munafuncinmu ke fitowa fili. Da zarar an ambaci maganin gaggawa sai mutane su ɗauke kai, wai abin matan bariki ne. A Nijar, kashi 76 cikin 100 na mata an aurar da su kafin su kai shekara 18. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, na 2021 ya nuna 6.2. A ƙasa irin wannan, macen da ke zaune tana lissafin kwanaki da faɗuwar gaba, sau tari matar aure ce da yaro a baya da wani riƙe da zane.

Kuma ga wani abu da duk ɗan Adar ya sani. Ƙasarmu ƙasar ƴan biɗa ce. Da an gama girbi samari da magidanta sun kama hanyar Abijan, Legas, Kamaru, Libiya. Matar da mijinta ke can, in aka gan ta a layin allurar tsarin iyali, kafin ta dawo gida gari ya ɗauka: me take yi da allura ba miji? Don haka sai ta bari. Ranar da maigida ya diro da jakarsa gab da damina, babu allura a jikinta, babu ƙwaya a ɗakinta, ga jinjiri ɗan wata takwas yana shan nono. In an yi dace mijin mai tausayi ne, ya sayi kwaroro ya ce su riƙa da shi kafin ta je likita. Sai ya fashe. Ina laifinta? Ina laifinsa? Mutane biyu ne na halal suka yi iya ƙoƙarinsu su kare ɗansu.

In kuwa cikin ya shiga, mun san abin da ke biyo baya. Rurrutsa. Mata ƴan'uwanta su yi ta da ita a bakin rijiya, wai ba ta da haƙuri, wai ta kasa kame kanta, kamar ita kaɗai ta kwanta. Tsofaffi su ce nono ya lalace, a fizge yaro a yaye shi rana ɗaya, a kai shi ɗakin kaka. Daga nan zawo, daga nan rama, daga nan sai ga shi a sashen masu tamowa. Ita kuma jikin da bai gama farfaɗowa daga waccan haihuwar ba ya sake ɗaukar kaya, jini ya yi ƙasa, ranar naƙuda a ɗora ta a amalanke ana neman hanyar Galmi ko asibitin Ƙonni. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a samu aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki, kuma Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa. Al'ummar da ke yi wa mace gori a kan rurrutsa ita ce dai ke ɓoye mata ƙwaya ɗaya da za ta tsare ta daga rurrutsar. Wannan zalunci ne mai baki biyu, kuma ya ishe ni.

Kada kuma a yaudari mai goyo da cewa ai shayarwa na hana ciki. Tana hanawa, amma sai in yaron bai kai wata 6 ba, ba ya shan komai sai nono dare da rana, kuma jinin al'ada bai dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Mu da muke ɗura wa jariri ruwa da kunu tun yana ƙarami, mata nawa ne suka cika sharuɗɗan nan? Mai shayarwa na iya shan levonorgestrel ta ci gaba da ba da nono. Ulipristal ne takardarsa ke cewa a tatse nonon a zubar na mako guda, shi ya sa na farkon ya fi dacewa da mai goyo.

Mu zo kan maganar da ta fi nauyi, domin mu Musulmi ne, kuma mace mai tsoron Allah ba za ta kai abu baki ba in aka ce mata kisan kai ne. Allah ya gafarta malamai, da ku nake, kuma cikin ladabi. Mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta a kan ciki. Zancen da ya shahara a cikinta shi ne ba a fitar da abin da mahaifa ta riga ta kama, ko da bai kai kwana arba'in ba. Ban zo in yi jayayya da wannan ba. Amma ku kuka koya mana cewa ba a yi wa abu hukunci sai an san haƙiƙarsa. Haƙiƙar maganin nan ita ce ba ya fitar da komai daga mahaifa. Ƙwai yake riƙewa, haɗuwar ma ba a yi ba, balle a kai ga kamawa. Ya fi kusa da azalu, wato zubar da maniyyi a waje, wanda ya tabbata a Buhari da Muslim ta hanyar Jabir ɗan Abdullahi cewa sahabbai na yi a zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma ba a hana su ba. Malikawa sun halatta shi in matar ta yarda. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda Nijar ke ciki, ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa ma'aurata na iya ba da tazara tsakanin haihuwa da shawarar juna, in dai ba cutarwa, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya samu ba. Maganin gaggawa bai fita daga wannan da'ira ba.

Ku duba ma da kyau. Ma'auratan da suka sa kwaroro sun riga sun ƙulla niyyar tazara. Ƙwayar da matar za ta sha da safe cika waccan niyyar ce ta jiya da dare. In ta farko ta halatta, da wace hujja ta biyu za ta haramta? Ana cewa ai fashewar ƙaddara ce, Allah ya nufa a samu rabo. Komai ƙaddara ne, har da maganin da ke cikin kwali. In rabo ya rantse zai zo, zai zo, ɗaya ko biyun nan cikin ɗari shaida ne. Riƙon sababi bai taɓa zama jayayya da ƙaddara ba, kuma malamai sun fi ni sanin haka. Abin da nake roƙo bai da yawa: kafin malam ya hau mumbari ko ya kama makirufo a gidan rediyo ya ce haramun, ya taka zuwa wurin likita ya tambaya yadda abin ke aiki. Kalma ɗaya daga bakinku ta fi takardar likita ɗari nauyi a kunnen matan ƙauye. Wanda ke da irin wannan nauyi ba shi da uzurin magana da ka.

Na san abin da ke ran wasu tun da na fara. Wai wannan buɗe wa ƴanmata ƙofar lalata ne. Zina haramun ce, ba ni da wata magana a kai bayan wannan. Amma binciken da aka yi a ƙasashe da dama bai nuna cewa samun maganin gaggawa a sauƙaƙe na sa mutane ƙara aikata abin ba. Hana shi kuma ba ya goge zunubin da aka riga aka yi, sai dai ya ƙara wasu a kai. Wa ke biyan kuɗin hanin? Yarinya ta bar makaranta. Uwarta ta kasa shiga biki da suna. A je a haɗa mata jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kasuwa don a zubar, jini ya ɓalle, wata ta tsira da mahaifa a lalace, wata a rufe ta a ce zazzaɓi ne. In an haifa, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba ya tashi da mummunan suna har kabari. Wani jinjirin ma a masai ko a bola ake tsintarsa, uwar ta ƙare a gidan kaso. Namijin fa? Baɗi war haka yana angwanci da budurwa ana yi masa guɗa. Duk hukuncin da ke sauka a kan yarinya da jariri kaɗai ya tsallake namiji, kada wani ya ce mini don kare addini ake yinsa.

Ga kuma waɗanda ba su zaɓi komai ba. Ƙonni na kan babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ga mararrabar Tsarnawa da ke kai wa Tawa, ga manyan motocin da ke jiran siminti a Malbaza, ga bakin iyaka. Tsakanin waɗannan motoci muke tura ƴan mata ƙanana da faranti a ka har bayan isha'i. Ranar da wani azzalumi ya yi wa ɗaya fyaɗe, me dangi ke yi da awa 72 ɗin farko? Taro. A je gidan mai unguwa, a kira kawu, a yi ta a rufa asiri, a yi ta ciniki. Kafin a gama sulhu, lokacin maganin hana ciki ya wuce, lokacin maganin da ke tare ƙwayar Sida ya wuce. Uban da ya fifita rufin asiri a kan kai ƴarsa likita a ranar, kansa ya rufa wa asiri, ƴar kuwa ya bar ta a rana.

Sai masu farar riga. Akwai na kirki a cikinku, da yawa, masu kwana a tsaye babu wuta babu kayan aiki, kuma Allah ya saka muku. Amma akwai waɗanda mace za ta tattara duk ƙarfin halinta ta zo gabansu, ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ke tafe da ita, sai a ɗaga murya yadda duk layi zai ji: “Ke, kina da aure? Mijinki ya san kin zo? Ba kya jin kunya?” Wani mai farmasin ya dube ta sama da ƙasa ya ce babu, alhali akwai. A garin da kowa ya san kowa, wannan tambayar kaɗai ta isa ta sa mata goma su fasa zuwa. Tun ranar 21 ga Yuni 2006 Nijar ke da doka mai lamba 2006-16 a kan lafiyar haihuwa, wadda ta ce kulawar nan haƙƙin kowa ne ba tare da wariya ba. Ba a ɗauke ka aiki don ka zama alƙali ba. Ka ja ta gefe, ka tambaye ta yaushe abin ya faru, ka ba ta, ka kama bakinka.

Wulaƙancin nan shi ke kora mata zuwa tiren mai yawo da magani, wanda ba ya tambaya, ba ya kallon kowa a wulaƙance, amma kuma bai san abin da yake sayarwa ba. Illela ta Najeriya na nan kusa da Ƙonni, tafiyar ƴan mintuna a kabu-kabu, kuma kaya na ƙetarowa, masu kyau da na banza. A 2013 an kama jabun Postinor-2 a Najeriya wanda babu sinadarin magani a cikinsa, kuma a 2025 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sake gargaɗi a kan jabunsa. Ko na gaske ne, in ya yi watanni a tire cikin ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, babu wanda zai rantse a kan ƙarfinsa. Ƴar'uwa, ki daure ki saya a farmasin da hukuma ta sani ko ki karɓa a gidan likita, ki duba ranar lalacewarsa. In kunya ta hana ki, ki aiki wanda kika amince da shi.

Wanda ya fi cancanta a aika kuwa shi ne mijin. Maigida, da kai nake. Kai ka sa abin, kai ka fara sanin ya fashe. Wasunku ma shiru suke yi su juya baya su yi barci, matar ba ta sani ba sai ta yi ɓatan wata. Wannan cin amana ne. Ka faɗa mata a take. Da safe kai ke da babur, kai ke da kuɗi, kai ne ba wanda zai tambaya ina za ka. Ka je ka sayo. Sannan ka tambayi kanka me ya sa ya fashe, domin roba ba ta cika fashewa haka kawai ba. Ko Foula ne na Animas-Sutura ko wani iri, in ya kwana biyu a aljihu ko ƙarƙashin sirdin babur yana shan zafi, ya mutu. In aka shafa masa basilin ko man kaɗanya ko man gyaɗa, man na cinye robar. In aka yage ledar da haƙori, ko ba a matse iskar da ke bakinsa ba, ko aka haɗa biyu wai don ƙarin tsaro, fashewa ta zo kusa. Cikin ma'aurata 100 da ke amfani da shi daidai tsawon shekara, 2 ne ke samun ciki. Yadda mutane suka saba amfani da shi kuwa, 13 ne. Tazarar da ke tsakanin 2 da 13 sakacin maza ce.

Kuma in ka san inda ka bi a can wurin biɗa, ka ji tsoron Allah ka faɗi gaskiya. Ƙwayar gaggawa ciki kawai take hanawa. Ba ta tare Sida, ba ta tare ciwon sanyi, ba ta tare ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a ƙasashenmu. Akwai maganin da ke tare ƙwayar Sida bayan saduwa, ana shan sa kwana 28, amma shi ma sai an fara cikin awa 72. Matar da ta zauna ta jira ka wata takwas ba ta cancanci ka kawo mata cuta a matsayin tsaraba ba.

Ba zan ɓoye wa kowa iyakar maganin ba. Yana iya sa tashin zuciya, ciwon kai, kasala, ko ɗigon jini, kuma suna wucewa. In aka yi amai cikin awa 2 da sha, sai a sake shan wani. Al'ada na iya zuwa da wuri ko ta ɗan makara. In ta makara fiye da kwana 7 a yi gwajin ciki, in kuma mara ta riƙe da ciwo mai tsanani a tafi likita a ranar. Ba ya kare saduwar da za a yi bayan an sha. Mai shan maganin tarin fuka irin rifampicin, ko wasu magungunan farfaɗiya, ko efavirenz na masu Sida, ta faɗa wa ma'aikaci, domin suna rage masa ƙarfi, kuma a nan robar mahaifa ta fi. Haka mace mai jiki sosai. Ba ya hana haihuwa nan gaba, wannan ma ƙarya ce da ake tsorata amare da ita. Sai dai bai kai allura ko ashanar tsarin iyali da ake sakawa a hannu tsaro ba in aka mai da shi abin kullum, don haka wadda ta sha ta zauna da sajfam a zaɓi hanyar da za ta ɗore.

Saura hukuma. Tun 2006 gwamnati ta ce kayan tsarin iyali kyauta ne a gidajen likitanta. An daɗe da fara Makarantar Mazaje a jihar Damagaram, aka ga cewa in an zaunar da magidanta aka yi musu bayani suna ganewa. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma takardar da ke cikin kwalin maganin nan har yau da Faransanci take ko Turanci, da ƙananan baƙaƙen da ko ɗan boko sai ya matse ido. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun USAID, wanda ya nuna mana cewa lafiyar matanmu ba abin jingina wa baƙo ba ce. In muna maganar ƴancin kai da gaske, to ya haɗa da sayen wannan ƴar ƙwaya da kuɗinmu.

Ina kira ga hukumar lafiya ta jihar Tawa da shugabannin lafiya na gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela. Ku ajiye levonorgestrel a kowace CSI da kowane ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, a hannun ma'aikacin da ke aikin dare, ya samu Asabar da Lahadi kamar yadda yake samuwa Litinin. Ku ba mai goyo ƙwaya ɗaya ta ajiye a ɗaki tun ranar da ta kawo yaro awo, musamman wadda mijinta ke hanya. Ku hukunta ma'aikacin da ya tona asirin mace. Ku zauna da limamai da sarakuna ku nuna musu yadda maganin ke aiki, sannan ku shiga gidajen rediyon garuruwan nan ku faɗa da Hausa, a lokacin da mata ke saurare, cewa akwai magani, kwanansa 5, kuma ba ya zubar da ciki. Ku yi wannan kafin ƴan biɗa su dawo noman bana.